Shekarar da Na Ga Watan da Bai Tsaya Ba

Fitilu ne suka tono mini wannan zance. An kafa mana sababbi a bakin titin unguwarmu a nan Gumel, irin masu shan rana su haska da dare. Kowa ya yi murna, ni ma na yi, don ƙafata ta daina faɗawa kwata in zan tafi sallar isha'i. Sai ran nan da na fito daga masallaci na ɗaga kai, na ga sama ta zama fili fetal kamar allon da aka wanke. Na nemi taurarin nan, Kaza da 'ya'yanta, ban gan su ba. Babban ɗana, wanda shi ma furfura ta fara fito masa, ya ce, "Baba, me ya ɓace?" Na gaya masa. Ya zaro waya daga aljihu ya ɗaga ta sama, sai ga taurari a cikin gilashinta, kowace da sunanta a rubuce, har waɗanda ba su fito ba tukuna. Ya ce, "Ga ta nan, ba ta ɓace ba." Na ce masa madalla. Ban gaya masa cewa ni ma na taɓa riƙe wani gilashi na nuna wa wani tsoho na fi shi gani ba. Karatuna bai yi nisa ba, aji huɗu na tsaya, amma ina so in rubuta abin da na yi yadda ya faru, ba tare da na gyara kaina ba.

Ƙauyen da aka haife ni yana ƙasar Sule Tankarkar, ba nisa da Ɗanzomo. Ba zan faɗi sunansa ba, don mutanen da ke cikin labarin suna da jikoki. A lokacin ba mu da agogo sai na liman, shi ma rabin shekara a tsaye yake. Sama ce agogonmu. In Gamzaki ya fito a gabas, za ka ji tabarya ta fara sauka a gida ɗaya, sai na kusa ya amsa, kafin a kira asuba duk garin ya ɗauki daka. Daga nan sai ƙarar guga a bakin rijiya, da kukan jakai, da muryar uwata tana cewa in tashi in kwance awaki kafin su cinye danga. Da yamma, bayan an ci tuwo, akan shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mu kwanta rigingine, taurari su sauko kusa har ka ga kamar in ka hau rumbu za ka taɓa su. Yanzu yara suna kwanciya rub da ciki, fuska a kan waya. Ba na zarginsu. Mu ma da muna da ita da haka za mu yi, sama ce kawai abin kallon da muke da shi.

Mutumin da ya san saman nan a garinmu wani tsoho ne, abokin mahaifina, muna ce masa Baba Na Tudu. Ba malamin duba ba ne, bai taɓa gaya wa kowa abin da zai same shi gobe ba. Manomi ne, da rani kuma ya zauna a zaurensa yana tufka igiya. Ba shi da shanu, 'ya'yansa maza duk sun rasu suna ƙanana. Abin da yake da shi a duniya kalmomi biyu ne. Duk ranar ashirin da tara ga wata, bayan la'asar, yakan ɗauki buzunsa da butarsa ya hau wani tudun rairayi da ke yamma da gari, ya yi magariba a can. In ya sauko sai ya wuce ƙofar gidan mai gari. In ya ga jinjirin wata ya ce, "Ya tsaya." In bai gani ba ya ce, "Sai gobe." Ba ya ƙarawa. Da maganar nan tasa ake ɗaukar azumi, da ita ake ajiyewa, da ita ake sa ranar biki. Ba wanda ke biyansa, amma in ya shigo taro ana matsa masa wuri.

Da mahaifina ya rasu, shi ya riƙa jana a jiki. Shi ya koya mini sunayen taurari, da yadda ake awon sama da hannu. Yakan ce in miƙa hannuna in dunƙule shi, in aza ƙasan dunƙulen a inda sama ta haɗu da ƙasa. "Jinjirin kwana ɗaya ba ya wuce dunƙule ɗaya," in ji shi. "Kuma ba ya jiran kowa. In ka tsaya gyara hula ya faɗi." Na iya duk wannan, sannan na girma na raina shi. Na zama direban akori-kura, ina kwasar hatsi da dabbobi zuwa kasuwar Maigatari duk Alhamis, wani lokaci in sauke kaya a Gagarawa Tasha. Na ga gari, na ga Turawa, na iya 'yan kalmomin Faransanci a bakin iyaka. In na dawo ƙauye ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke ni ba.

A tsakiyar wani azumi da ya faɗo cikin bazara, ina kasuwar Maigatari, na ga wani Badamagare ya baza kayan gwanjo a ƙasa. Cikin tsofaffin takalma da tukwanen ƙarfe akwai wani farin bututu, tsawonsa ya kai hannuna, da ƙafafu uku na katako. Na ce, "Wannan kuma bindigar me ce ce?"

Ya ce, "Bindigar harbin wata ce, direba. Madubin hangen nesa ke nan. Na wani Bature ne da ya koyar a lakwal, makarantar boko, can wajenmu, da zai koma ƙasarsu ya bar wa kukunsa, kukun ya rasa abin da zai dafa da shi."

Ya kafa mini shi, ya ce in kanne ido ɗaya in leƙa ta ƙaramin gilashin da ke gindi. Na leƙa, sai ga raƙumi a can ƙarshen kara kamar zai lashe ni, amma ƙafafunsa a sama, tozo a ƙasa. Na yi baya. Ya yi dariya ya ce, "Haka yake, komai a kife yake nunawa. A sama ai babu ƙafa babu kai." Na ba shi rediyona mai kaset, na naɗe bututun a buhu na kawo gida.

Bayan rumbun uwata na kafa shi. Daren farko wata ya kusa cika, na juya bututun na same shi, na kusa faɗuwa. Ya cika gilashin har ya yi yawa, fuskarsa duk ramuka kamar tandar waina. Na kira uwata. Ta leƙa sau ɗaya ta ce, "A'uzubillahi, ashe shi ma ya yi agana," ta koma ɗaki. Kafin kwana uku bayan gidanmu ya zama dandali. Ana sauka daga asham sai a yi layi. Da rana kuma samari su roƙe ni in juya shi wajen rijiya, su ga mata suna tafiya da ka, tulu a ƙasa, ruwa bai zube ba. Na nuna musu Kaza, da muka san 'ya'yanta shida ko bakwai, sai ga su sun fi a ƙirga. Yamma ce kaɗai ban taɓa dubawa ba, don wata babbar bishiyar maina ta maƙwabta ta tare wannan gefen. Ina jin daɗin taurarin da gaske, wannan ba ƙarya ba ne. Amma na fi jin daɗin yadda ake cewa, "A matsa wa mai bututu."

Ranar ashirin da tara ga azumi, zafi ya kai inda ya kai, mutane sun galabaita. Kowa so yake a ce gobe Sallah, ban da telan garinmu, wanda ɗinkin mutane ya yi masa tsibi a shago. Baba Na Tudu ya ɗauki buzunsa ya hau tudu kamar kullum. Ni ma na saɓa bututuna na bi shi, rabin gari a bayana. Shekara da shekaru mutum uku ko huɗu ke raka shi, ran nan kuwa har da mata a gindin tudu. Ya dube mu ya ce, "Direba, yau ka kawo mini kasuwa." Ya shimfiɗa buzunsa a gefe.

Rana ta faɗi cikin gajimare, hadarin bazara irin wanda ke haɗuwa ya watse ba ruwa. Muka sha ruwa da dabino, muka yi magariba. Yamma duk ta yi yage-yage, nan ja, nan baƙi. Ba wanda ya ga komai. Na kafa ido a gilashi ina yawo da bakin bututun cikin ɓarakar gajimare, sama da ƙasa, ban ma san inda nake nufa ba. Can sai ga shi. Siriri, fari tas, a lanƙwashe, da ƙahoni biyu masu tsini. Ƙahonin ƙasa suka fuskanta, amma na san bututun a kife yake nuna komai. Na yi kabbara da ƙarfi na ce, "Ya tsaya! Wallahi ya tsaya!"

Aka yo kaina. Na ce kada a taɓa ƙafafun. Tela ne ya fara leƙawa, ya daɗe a sunkuye, sannan ya ɗago ya dafe kai ya ce, "Na shiga uku. Shi ne." Aka bushe da dariya. Wani ya ce, "In dai tela ya yarda an ga wata, ai ba sauran gardama." Mutum huɗu ko biyar suka leƙa, kowa ya gani.

Baba Na Tudu ya taso a hankali. Bai nufi gilashin ba. Ya tsaya a bayan bututun ya bi tsawonsa da ido, sannan ya miƙa hannu ya aza dunƙule a kan dunƙule. Ya ce, "Direba, inda bakin abin nan ya nufa ya kai dunƙule uku. Nan ba wurin wata ba ne. Nan Zara take tsayawa a 'yan kwanakin nan."

Na ce, "Baba, Zara ai tauraruwa ce, ɗigo ce kawai. Wannan da ƙahoninsa."

Ya ce, "Ban san abin da ke cikin bututunka ba, ɗana. Na dai san wata ba ya can."

Kafin a ce ya leƙa, gajimare ya rufe wurin. A nan ne laifina na farko yake. Mako biyu kafin nan na ga wata ya cika gilashin har ya fita. Wannan kuwa bai fi yankan farce ba. Zuciyata ta gaya mini akwai magana. Na ce mata ai jinjiri ne, dole ya yi ƙanƙanta. Ban yarda da amsar ba ko a lokacin, amma mutane suna dafa kafaɗata, sai na bar ta a haka.

Muka gangara ƙofar gidan mai gari, liman na zaune kusa da shi. Mai gari ya dubi Baba kamar yadda ya saba. Baba ya ce, "Sai gobe." Ni kuma na ce na gani, tela ya ce ya gani, sauran suka ce sun gani. Liman ya ce shaidu sun cika har sun yi yawa, amma rediyo ba ta ce komai ba, kuma bakin Baba bai taɓa faɗuwa ba. Mai gari ya hau jan gemu, na ga alamar zai bi tsoho. Sai na faɗi abin da har yau in na tuna nake jin nauyin harshena. Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi wa Baba uzuri, yanar ido ta rufe masa gani. Shekaranjiya a gidanmu turmi ya tsaya ya gaisar, ya zaci Inna ce a zaune."

Gaskiya ne, ya yi hakan. Ni kaɗai na gani, don ni kaɗai nake shiga da fita tare da shi kamar ɗa. Aka yi dariya, har da masu rufe baki da hannun riga. Baba bai dube ni ba. Ya naɗe buzunsa ya sa a hammata ya ce, "Allah ya ba mu alheri," ya tafi. Mai gari ya sa aka buga ganga. Mata suka yi guɗa, aka hau wanke shinkafa, tela ya kunna fitilarsa ya hau keke.

Washegari muka yi Idi. Baba bai fito ba, ya tashi da azuminsa ya zauna a zaure yana tufka. Yara suka tsaya a ƙofarsa da tuwon Sallah a hannu suna cewa, "Baba, ga turmi yana gaishe ka." Manya suka ce tsufa ya sa shi azumi ranar Idi, abin da ko yaro ya san haramun ne. Da rana wasu suka dawo daga Gagarawa Tasha suka ce can kowa da azumi a bakinsa, haka ma Maigatari. Mutanenmu suka ce, "Ina za su gani? Suna da bututu ne?"

Da yammar nan na koma tudu ni kaɗai, wai in ga watan kwana biyu in ƙara samun abin faɗa. Sama ta washe, ba gajimare ko kaɗan. Rana na faɗuwa na gan shi da idona, siriri kamar zare, dunƙule ɗaya daidai a kan ƙasa. Na juya bututun kansa, ya cika gilashin daga gefe zuwa gefe. Sannan na ɗaga kai, ga Zara can sama tana ƙyalli a inda Baba ya ce. Na ɗaga bakin bututun na same ta. Ga ɗan yankan farcen nan, da ƙahoninsa biyu, yana nan inda na bar shi jiya. Wata biyu a sama ɗaya, ɗaya na gaske, ɗaya nawa. Na zauna a rairayi har aka kira isha'i. Ban san tauraruwa tana yin ƙaho ba, ba wanda ya taɓa gaya mini. Amma yanzu na sani, kuma na san na sa gari guda sun sha azumi da rana tsaka, na kuma tozarta mutumin da ya riƙe ni.

Laifina na biyu ya fi na farko, don wannan da sanina na yi shi. Na sauko na yi shiru. Da wasu suka ce watan ya yi siriri a ce na kwana biyu ne, na ce wani lokaci haka yake zuwa. Na naɗe bututun na tura ƙarƙashin gado, na ce gilashin ne ya yi datti. Ƙarshen watan Sallah ya zo, Baba bai hau tudu ba, ba kuma wanda ya je ya tambaye shi. Da ruwa ya sauka, mutanen da suka saba zuwa zaurensa su ji ko a yi shuka ko a dakata, sai suka riƙa tare ni a bakin mota suna tambayata, ni da ban san komai ba sai giya da birki. In ya shigo taro ba a matsa masa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai canza mini fuska ba. In na wuce ƙofarsa da sauri sai in ji, "Direba, ya hanya? A gaida Inna." Da ya zage ni da na sami sauƙi.

Yanzu in aka yi kuskure irin wannan, kafin a kwanta an ji a waya, an gyara, gobe an manta da wanda ya yi. A lokacin magana ba ta da wurin zama sai bakin mutum, in bakin ya faɗi kuwa, mutumin ya faɗi ke nan. Na san haka sarai, na kuma bar tsoho a ƙasa wata biyu don kada ni in faɗi.

Abin da ya karya ni rasuwar Iya mai ƙosai ce, wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta. A maƙabarta liman yana yi mata shaida ya ce tun da ta balaga ba ta taɓa barin bashin azumi ya kwana mata shekara ba, ta tafi ba a bin ta ko ɗaya. Jama'a suka ce Allahu akbar. Ni kuwa na tuna ranar Idin nan ita ta aiko mini da ƙosai har gida, wai na mai bututu ne. Na dawo ban iya cin abinci ba.

Na yanke shawarar in je wurin Baba, amma ina so in nuna masa abin da ya ruɗe ni, kada ya zaci ƙaryar kai tsaye na shirya. Na nemi Zara a yamma, ta ɓace, ta bi rana. Ran wata Alhamis na fito tayar da mota kafin asuba, sai ga Gamzaki a gabas, ya yi girma yana haske. Na koma na jawo bututun na saita. Shi ma da ƙaho. Ban je kasuwa ba ran nan. Ana sallame asuba na saɓa kayana na tsaya a ƙofar Baba na yi sallama.

Ya fito da carbi a hannu ya ce, "Direba, lafiya? Yau ba Maigatari?"

Na ce, "Baba, so nake ka leƙa."

Na kafa masa. Ya gwada idon dama ya ce hayaƙi kawai yake gani. Ya koma na hagu, ina murɗa masa gilashin a hankali, sai na ji ya ce, "Tsaya." Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wannan Gamzaki ne?" Na ce shi ne. Ya ce, "Ikon Allah. Tun ina yaro nake kallonta, ashe ƙaho gare ta ban sani ba." Na ce, "Baba, wannan Gamzaki ne, waccan Zara ce." Ya ce, "Ita ce dai. In ta ɓace a yamma sai ta ɓullo a gabas. Ka taɓa ganinsu rana ɗaya?"

Na durƙusa a ƙasa na gaya masa komai, har da komawata tudu, har da shirun da na yi. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To ni ma bari in gaya maka nawa. Ran nan ban ga komai ba, ko Zarar ban gani ba. Ƙirga na yi, na kuma bi bakin bututunka. Idon ya tafi, ɗana. Turmin ma na gaishe shi, ba ka yi mini ƙarya ba, sai dai bai amsa ba." Ya yi 'yar dariya, ni kuwa hawaye nake. Ya ce, "Nawa na yafe tun a daren. Amma azumin nan ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe shi. Na mutane ne, kuma ba su san ana bin su ba."

Na ce, "Baba, ko kai za ka gaya wa liman?"

Ya ce, "Da bakin wa aka ce ya tsaya?"

Bayan la'asar a masallacin ƙofar mai gari, liman na shafa addu'a na miƙe. Na ce jama'a su dakata, na faɗi abin da na gani, da abin da na ɓoye, da abin da na yi wa Baba. Masallaci ya ɓarke da hayaniya. Tela ya ce, "Kai! Kwana na yi a kan keke, na ɗinke wa mutum wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ashe saboda tauraruwa!" Wani ya ce a kawo bututun a fasa. Ɗiyar Iya mai ƙosai ba ta nan, amma mijinta yana nan, ya dube ni kawai ya kau da kai. Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce duk wanda ya ci abinci ran nan zai rama yini ɗaya, wadda ta rasu kuwa ba ta da laifi tunda ba ta sani ba, in ina so in ciyar saboda ita. Ya ce a aika wa waɗanda suka tafi cin rani da matan da aka kai wasu garuruwa. Aka sa ranar Litinin.

Litinin ɗin ta faɗo a tsakiyar noman farko, ranar da ba gajimare ko na magani. Gari guda suka yini a gona da fartanya, baki a bushe, kowa ya san saboda wa. Ba wanda ya amsa sannuna. Mutum ɗaya ne a garin ba ya azumi, wato Baba, don shi talatin ɗinsa sun cika tun tuni, aka ce ma a uwar ɗaka ya ɓuya ya sha furarsa don kunya.

Da magariba ta kusa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci. Na zauna a can ƙarshe, tabarma guda ni kaɗai. Sai ga Baba Na Tudu tafe da tulu a kafaɗa, yana laluben hanya da ƙafa. Mutane suka yi ta matsawa, kowa na cewa, "Nan, Baba, ga wuri." Ya wuce su duka ya sauke tulun a kan tabarmata ya zauna. Da aka kira salla ya cika moɗa ya miƙa mini, sannan ya ce a zo a ɗiba. Dole duk mai son ruwan sanyi ya tako har inda nake.

Mai gari da kansa ya taso ya tsuguna a gabansa ya ce, "Baba, watan Layya fa? Mun bar maka."

Baba ya ce, "Saura kwana shida. Ni zan nuna wuri, masu ido su duba. Direba zai ɗauko mini buzu, bututun kuma ya bar shi a gida." Ya juyo wajena ya rage murya. "Amma gobe da asuba ka kawo mini shi. Ina so in ƙara ganinta tun na hagun yana aiki."

Na kai masa washegari, da jibi, da duk asubar da sama ta washe a damanar nan. Kafin a yanke gero na hagun ma ya rufe, ya ce in daina wahalar ɗauko ƙafafun, in dai zo in gaya masa ko ta fito.